Amsar Anti ga Maman Biyu kan kuɗin mai amsa saƙo

Assalamu alaikum. Maman Biyu, na ji tambayarki, wai nawa za ki ware wa yarinyar da za ta riƙa amsa miki saƙonnin masu saye tana gidansu, ba sai ta zo shago ba. To ni a fahimtata ba albashin ne damuwarki ba, so kike ki ji ko ribar atamfar za ta ɗauki ɗawainiyar.

Da farko ki rabu da farashin Fiverr da Upwork, shafukan nan na intanet da ake ɗaukar masu aiki daga nesa. Can da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala a banki ko naira 500 ba ta kai ba, a 2024 ta haura 1,500. Fiverr kuma kashi 20 cikin ɗari suke cira a kuɗin mai aikin, a jikinki zai fanshe. Balle ma wanda ke zaune a Indiya, yaya zai yi da Hajiyar da ta turo murya doguwa da Hausa tana tambayar ko shaddar nan tana zuba? A bar wannan maganar.

Nan gida za ki nema. Mafi ƙarancin albashi dai 70,000 ne tun Yulin 2024. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma ba shi ne za ki ci gumin 'yar mutane ba. Ki riƙe shi ma'auni: rabin wuni, ki duba rabinsa ko sama kaɗan.

Mu ce 40,000. Sai data, wadda kowa ke mantawa da ita, alhali tun Janairun 2025 NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta yarda kamfanonin waya su ƙara kashi 50 a farashi. Ɗora bidiyon kaya a status kuwa cin data yake kamar gara. Ki sa 10,000, ya zama 50,000. In ribarki a turmi 1,500 ce, turmi 30 kenan... a'a, tsaya, 34 ne. Kuma ƙari nake nufi, a kan cinikin da kike yi yanzu. In ba za ta jawo wannan ba, daga uwar kuɗi kike biyan ta.

Sannan waya da layi naki ne, ke za ki saya. Asusun da za a turo kuɗi naki. Wallahi a kan wannan ba na sassauci. Akwai wadda na taɓa ɗauka, 'yar gidan mutunci, ƙawata ce ma ta kawo ta. Wata mai saye daga Maraɗi, mun daɗe muna hulɗa, ta turo kuɗin leshi, yarinyar nan ta ba ta lambar asusunta, wai nawa "yana ba da matsala". Matar ta yi ta jiran kaya a tasha, ni ban ma san an yi ciniki ba. Da na tambaya sai kuka, wai dama za ta faɗa min. Ita ƙawar tawa har yau gani take ni na tsananta. Ni na tsananta! Ni da na biya kuɗin mota na aika kayan, na kuma ba da haƙuri? Kai, bari dai.

Ina nake ma? Yawwa. Kar ki yanka mata albashi tsayayye kawai. Ki rage shi kaɗan, ki sa mata lada a kan duk turmin da ta sayar, ko 200 ne. Azumi zuwa ƙaramar Sallah saƙo ba ya yankewa har tsakar dare, bayan Sallah kuma kasuwa ta kwanta, sai ladan ya daidaita muku. Ku yi wata ɗaya na gwaji, ku rubuta awannin aiki.

Ki turo min ta gefe ribar da kike samu a turmi da abin da kike sayarwa a wata, mu buga lissafin tare.