Shin Haihuwa a Gidan Masu Kuɗi Aibi Ce ga Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Zaɓen shugaban ƙasa ya matso, kuma kullum sai an turo mini saƙonni a WhatsApp a kan ɗan takarar da nake shirin zaɓa. Suna cewa ɗan gata ne da bai taɓa kwana da yunwa ba, mahaifinsa ne ya share masa hanya, kuma lokacin da yake gwamna bai tsinana komai ba sai ciwo bashi. Na san 'yan ɗaya jam'iyyar ne suke yaɗa maganar, amma ta fara damuna, domin ina tsoron in ba da ƙuri'ata ga wanda bai san zafin talauci ba, in zo ina da-na-sani. Shin wannan suka tana da tushe?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Damuwarka tana kan hanya, amma saƙon da aka turo maka zarge-zarge biyu ne aka ƙulla wuri guda, kuma da gangan aka ƙulla su, domin haushin da ɗaya zai tayar maka ya hana ka bincikar ɗayan.

Batun aikinsa na gwamna shi ne mai nauyi, kuma shi ne mai sauƙin tantancewa. Ka nemi sanin bashin da ya tarar da wanda ya bari, da abin da aka yi da kuɗin, domin bashin da aka gina asibiti da shi daban yake da wanda ya salwanta. Ka duba ko abin da ake ɗora masa yana cikin hurumin gwamna ne ko na gwamnatin tarayya, ka kuma bambance zargi da hukuncin kotu. Kasafin kuɗi da rahoton babban mai binciken kuɗi takardu ne na hukuma, kuma duk wanda ya kawo maka adadi ba tare da shekara da tushe ba, bai ba ka hujja ba. Kasancewar 'yan adawa ne suka faɗa bai mayar da maganar ƙarya ba, kamar yadda bai mayar da ita gaskiya ba.

Inda nake so in daɗe shi ne ɗaya zargin, domin babu kuskuren da nake cin karo da shi kullum kamarsa: tunanin cewa wanda ya tashi cikin talauci dole ya tausaya wa talaka, wanda kuma ya tashi cikin daula ba zai iya ba. Wannan tunani yana da haɗari saboda yana sa mai zaɓe ya daina tambayar abin da mutum ya aikata, ya koma sauraron labarin ƙuruciyarsa, alhali kuwa labarin ƙuruciya shi ne abin da masu yaƙin neman zaɓe suka fi ƙwarewa wajen ƙerawa.

Dabarar tsohuwa ce. A zaɓen Amurka na 1840, jam'iyyar Whig ta tallata William Henry Harrison a matsayin mutumin karkara mai zama a bukkar katako, ta kuma nuna shugaba mai ci, Martin Van Buren, a matsayin ɗan hutu mai almubazzaranci a fada. Gaskiyar kuwa a juye take: Harrison an haife shi ne a wani babban gandu a Virginia, mahaifinsa ya yi gwamnan jihar kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka, shi kuwa Van Buren ɗan mai gidan saukar baƙi ne a wani ƙaramin gari. Harrison ne ya ci zaɓen.

Ko da labarin talaucin gaskiya ne, ba ya ba da tabbacin komai. Herbert Hoover ɗan maƙeri ne da ya zama maraya tun yana yaro, amma da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe daga 1929, lokacin yana shugaban ƙasar, ya yi ta jan ƙafa wajen amincewa gwamnatin tarayya ta tallafa wa marasa aiki kai tsaye, har unguwannin bukkoki da talakawa suka kakkafa aka riƙa kiransu da sunansa. Wanda ya kayar da shi a 1932, Franklin Roosevelt, ɗan gata ne gaba da baya, ya tashi a gidan dukiya ya yi karatu a Harvard, kuma shi ne ya sa hannu a dokar fansho da tallafin marasa aiki ta 1935. Abin lura a nan shi ne, mai zaɓen da ya duba tarihin aiki bai sha mamaki ba, domin tun a 1931, Roosevelt yana gwamnan New York, ya kafa hukumar agajin gaggawa ga waɗanda suka rasa ayyukansu. Aikinsa na gwamna ne ya nuna irin shugaban da zai zama, gidan da aka haife shi bai nuna komai ba.

A Kenya ma an ga haka. William Ruto ya yi yaƙin zaɓen 2022 da labarin cewa ya taɓa sayar da kaji a bakin titi, yana fafatawa da 'ya'yan manyan gidaje irin na Kenyatta da Odinga. A watan Yunin 2024 matasa suka cika tituna suna zanga-zanga a kan sababbin harajin da gwamnatinsa ta kawo, har suka kutsa cikin majalisa, aka yi asarar rayuka, ya janye ƙudurin. Ana iya jayayya a kan ko ƙasar tana buƙatar harajin, amma labarin kajin bai gaya wa kowa abin da zai faru ba.

Kada kuma ka faɗa cikin ɗaya ɓangaren kuskuren, wato masu cewa mai kuɗi ya ƙoshi, don haka ba zai taɓa dukiyar jama'a ba. Wannan ma zance ne marar tushe, domin kwaɗayi ba ya ƙarewa da yawan dukiya.

Gata yana zama abin tuhuma ne idan aka nuna inda ya shiga cikin aikin mutum. An soki Mitt Romney, ɗan takarar shugabancin Amurka a 2012, da cewa ɗan tsohon gwamna ne kuma hamshaƙin attajiri, amma sukar ba ta yi ƙarfi ba sai da aka haɗa ta da hujjoji: takardun harajinsa sun nuna ya biya kusan kashi 14 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, sannan aka fitar da bidiyon da yake cewa kashi 47 cikin ɗari na masu zaɓe sun dogara ne da gwamnati. Wannan suka ce a kan maganarsa da ma'amalarsa, kuma halal ce a siyasa. Don haka tambayoyin da ya kamata ka yi a kan ɗan takararka su ne: ko an taɓa ba shi muƙami ko kwangila saboda sunan mahaifinsa ba tare da cancanta ba, ko kamfanonin danginsa sun ci moriyar ofishinsa, ko ya yarda ya bayyana kadarorinsa a fili, da kuma waɗanda manufofinsa na haraji suka sauƙaƙa wa.

Sojojin baka da ake biya su zauna suna zagin iyayen mutane a rediyo da intanet ba sa yin waɗannan tambayoyi, saboda amsa su yana buƙatar karatu, kuma saboda sun san idan aka auna uban gidansu da wannan ma'auni, wataƙila shi ma ba zai tsira ba. Abin takaici ne a ce mutum mai ilimi yana tura irin wannan saƙo ga jama'a ba tare da ya tantance ko layi ɗaya ba, alhali zai yi fushi idan aka yi wa mahaifinsa haka. Ka koma ga wanda ya turo maka, ka roƙe shi ya ba ka adadin bashin da shekararsa da takardar da ya samo shi, sannan ka nemi irin waɗannan bayanai a kan ɗan takarar da shi yake goyon baya, ka ajiye su gefe da gefe kafin ranar zaɓe.