Baba zai daɗe bayan aikin hanta kuwa?

Ƴar'uwa Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce an yanke masa kansar hanta a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, hepatitis B ce sila, kina tambaya ko mutum na daɗewa bayan aikin. Eh ana daɗewa, musamman in ƙarin guda ɗaya ne ƙarami, bai shiga jijiyar jini ba kuma ragowar hantar ba ta ƙeƙashe ba. Amma gaskiya ciwon nan yana son dawowa, fiye da rabin waɗanda aka yi wa aikin yakan dawo musu cikin shekara 5, yawanci ma a shekara 2 na farko, shi ya sa hoton ciki da gwajin jini na AFP (mai nuna alamar kansar hanta) duk wata 3 zuwa 6 ba abin wasa ba ne.

Tenofovir ko entecavir, duk wanda likita ya rubuta masa, kar ya daina ko da ya ji garau, shi ke danne ƙwayar cutar hepatitis B ɗin. Kawuna a Aboabo haka ya ajiye nasa ya koma jiƙe-jiƙen da ake talla cikin motocin haya na trotro, kafin wata uku idonsa ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ma a zubar, suna cin hanta. Ku ƴaƴansa da Mama ku je gwajin hepatitis B, wanda ba shi da ita ya yi allurar rigakafi.