Ɗana ba ya zama wuri ɗaya, ko ƙwaƙwalwarsa ce ba ta cika ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 8, yana aji uku a firamare. Ba ya iya zama wuri ɗaya, kullum sai ya yar da fensir ko takalmi, ana magana yana tsoma baki. Malaman boko da na Islamiyya duk sun kawo ƙara. Na gani a Facebook wai irin waɗannan yara ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce. Shin in kai shi a yi masa hoton ƙwaƙwalwa? Maƙwabciyata ta karɓo mini wani magani a kemis mai kwantar da yaro, na fara ba shi. Wallahi hankalina a tashe yake. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Abin da kika lissafa ya yi kama da lalurar ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD, wadda ke samun kusan yaro 5 cikin 100, kuma galibi gadonta ake yi. Sai an ga yaron ido da ido kafin a tabbatar, amma yadda abin ya bayyana a gida da makarantu biyu alama ce mai ƙarfi.

Maganar ƙanƙantar ƙwaƙwalwa tana da tushe, sai dai an kambama ta. A 2007 masu bincike a Amurka sun bi hotunan ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, suka ga ɓawonta, wato sashenta na waje, yana kai cikar kaurinsa a wajen shekara 7 da rabi a sauran yara, a masu wannan lalura kuwa sai wajen shekara 10 da rabi. Jinkirin ya fi yawa a sashen gaba, bayan goshi, inda ake tsara aiki, a riƙe umarni a rai, a haƙura a jira. Wani babban nazari na 2017 a kan mutum fiye da 3,000 ya sami ɗan bambancin girma a wasu sassa na can ciki, amma kaɗan ne ƙwarai, sai an haɗa jama'a da yawa yake fitowa. Saboda haka babu likitan da zai kalli hoton yaro ɗaya ya ce ga lalurar nan. Ki adana kuɗinki, sai fa in akwai farfaɗiya, ko ya taɓa buguwa a ka, ko yana manta abin da ya riga ya iya. Kuma wannan ba daƙiƙanci ba ne, da yawansu kaifin basira gare su.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne maganin kemis ɗin nan. Kusan kullum sai na ga uwa ta zaro shi daga jaka, wani lokaci ƙwayoyi ne a ƙulle cikin leda ko suna babu. In aka bincika sai a tarar Piriton ne, ko diyazefam, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci, ko maganin tari mai sa barci. Har mai kodin ana samu, alhali gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun 2018. Tunanin mutane shi ne yaro ya cika zafi, a ba shi abin da zai sanyaya shi. To, a nan aka juya lissafin. Sashen goshin nan shi ne birkin yaro, kuma a wannan lalura birkin ne bai gama kamawa ba. Maganin barci wannan sashen yake ƙara kashe wa ƙarfi. Yaro zai yi laƙwas, uwa ta sami sararin yin girki, a ce magani ya yi. Washegari ya shiga aji ido na lumshewa, malam ya yi bayani sau uku bai ɗauki ko ɗaya ba, a ƙara masa da bulala. Wasu yaran ma waɗannan magunguna ƙara birkita su suke yi. Diyazefam kuwa jiki na sabawa da shi, in ya haɗu da wani mai sa barci yana iya danne numfashi.

Shi ya sa maganin da likitoci ke rubutawa, irin su metilfenidet, mai farkar da wannan sashe ne, ba mai sa barci ba, kuma ana bibiyar nauyin yaro da cin abincinsa da hawan jininsa. Mai kemis da bai taɓa ganin ɗanki ba, bai tambayi ko yana da asma ba, da wane ilimi ya ƙulla masa ƙwaya? Yana jin tsoron Allah kuwa? 'Ya'yan mutane amana ne, kuma duk wanda ya sayar da abin da ya san zai dakushe hankalin yaro don ribar 'yan nairori, zai amsa tambaya.

Ki kai yaron sashen yara na asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A duba jinsa da ganinsa, da ƙarancin jini, da yadda yake barci, da irin farfaɗiyar da yaro ke ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu. A tambayi batun gubar dalma ma, domin tana lalata natsuwa. Ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, kuma ana samunta a wasu nau'o'in kwalli.

Kafin nan, ki roƙi malamansa su zaunar da shi a gaba, nesa da taga. A gida umarni ɗaya a lokaci ɗaya: ki kira sunansa, ya kalle ki, ki ce "ɗauko takalminka", ya kawo, ki yaba masa, sannan ki faɗi na biyu. Ranar zuwa asibiti ki tafi da ragowar maganin da littattafansa na makaranta. In ya yi makonni yana sha kullum, kada ki yanke masa farat ɗaya, ki kai shi cikin makon nan likita ya ga ko mene ne, ya tsara yadda za a janye shi.