Tambaya da Amsa: Baba Ya Canza Tun Ranar Da Ya Faɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina mai shekara 72 ya zame a makewayi wata biyu da suka wuce, kansa ya bugi daɓe, ya ɗan suma. Likita ya duba shi, ya ce buguwar ba mai tsanani ba ce. Amma tun daga ranar yake fama da jiri da mantuwa da saurin fushi, har ya daina zuwa masallaci da majalisar abokansa. 'Yan'uwana sun ce tsufa ne. Shin zai koma yadda yake?
Daga wata mai karatu, unguwar Mokoyo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ban goyi bayan 'yan'uwanki ba, domin tsufa ba ya sauka wa mutum rana guda. Idan likita ya ce buguwar kai ba mai tsanani ba ce, abin da yake nufi shi ne suman bai kai minti 30 ba, kuma mutumin ya sami maki 13 zuwa 15 a ma'aunin Gilasgo, wanda ake auna farkawar majinyaci da shi tun 1974. Wannan hukunci ne na ranar faɗuwa kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne taruwar jini a cikin ƙoƙon kai. Yayin da shekaru suke ja, ƙwaƙwalwa tana ɗan tsukewa, ƙananan jijiyoyin jinin da ke samanta su miƙe, ta yadda buguwa kaɗan kan iya yaga ɗaya, jini ya riƙa tsattsafowa a hankali, alamun ba su bayyana ba sai bayan makonni. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini. Saboda haka ku mayar da shi babban asibiti cikin kwanakin nan, ku tafi da dukkan magungunan da yake sha, ku nemi a ɗauki hoton kansa da sikana. Idan kuwa ciwon kai yana ƙaruwa, ko yana yawan amai, ko barci ya yi masa nauyi, ko harshensa ya karye, ko gefe ɗaya na jikinsa ya rasa ƙarfi, to kada a jira wayewar gari. Jinin da ya taru ana iya zuƙe shi ta ƙaramar huda, kuma da yawa sukan dawo hayyacinsu.

Idan hoton ya fito lafiya, akwai kyakkyawan fata, sai dai sauƙin dattijo ya fi na matashi jinkiri. Sau da yawa tsoron sake faɗuwa ne yake zaunar da shi a ɗaki, zaman kuma ya kashe ƙafafu, ya kawo baƙin ciki. (Wani dattijon ma kunyar a ga mantuwarsa a gaban sa'o'insa ce take ɓoye shi.) Ki sa wani jikansa ya riƙa raka shi sallar Magariba, ya yi salla a zaune idan ruku'u yana tayar masa da jiri, kuma a faɗa wa likita game da jirin, domin wani nau'insa daga cikin kunne yake, yana da magani. A saka fitila da abin dafawa a makewayi, a duba idanunsa da hawan jininsa. Don ciwon kai a tsaya ga farasitamol, kada a saya masa maganin ciwon jiki a wurin masu talla.