Amsa kan IOError da OSError a Python

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu da ya tambaya ko IOError da OSError, wato sunayen kurakuran da Python ke fitarwa, abu ɗaya ne, da kuma wanne zai kama da except idan fayil ya ƙi buɗuwa, to ga bayani.

Eh, yanzu abu ɗaya ne. Tun Python 3.3, wadda ta fito a 2012, aka sake wa wannan ɓangaren fasali ta hanyar takardar shawarar gyaran Python mai suna PEP 3151. A da, in ka buɗe fayil ɗin da babu shi da open, IOError za ka samu. In ka je goge shi da os.remove, sai OSError ya fito, alhali ciwon ɗaya ne. Kuma sunan bai gaya maka abin da ya faru ba, sai ka leƙa errno, wato lambar kuskuren: in 2 ne babu fayil ɗin, in 13 ne ba ka da izini.

To a nan mutane ke tuntuɓe. Mutum ya duba ko 2 ne, ya manta bai sa raise, wato umarnin sake fitar da kuskuren, wa sauran lambobin ba. Ran da diski ya cika, manhajar ta haɗiye kuskuren shiru, kai kana zaton an adana aikinka. Wannan asara ce babba wallahi.

Sai aka mayar da OSError uwa, IOError da socket.error da select.error suka zama laƙabinta kawai. Aka ba ta 'ya'ya masu suna: FileNotFoundError, FileExistsError, PermissionError wanda ya haɗa errno 13 da 1, da ConnectionError, shi ma da nasa 'ya'yan huɗu.

Saboda haka ka kama FileNotFoundError kai tsaye. In za ka kama uwar ma, sa ɗan a sama, ita a ƙasa, don Python daga sama take dubawa, wanda ya fara dacewa shi ke ɗauka. In ka juya su, ɗan ba zai taɓa samun komai ba.

Ka kuma lura, tsohon except OSError yanzu ya faɗaɗa, har yankewar intanet zai kwashe, don haka ka rage layukan da ke cikin try ɗin. Cikar diski kuwa ba a ba ta suna nata ba, har yau sai ka gwada errno da errno.ENOSPC, wato 28 a Linux.