Waya ta ƙi kai wa kan sabon batir, an yi ƙari an cusa ƙusa: motata za ta kama wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Damagaram, ina da tsohuwar Toyota Corolla mai shan isansi. Batir ɗina ya mutu, na sayi sabo a kasuwa, mai shago ya ce ƙarfinsu ɗaya da tsohon. Da aka zo ɗaurawa sai aka ga kawunansa a juye suke, jar waya ba ta kai ba. Yaron gareji ya samo guntun waya ya ƙara, ya murɗe, ya naɗe da baƙin salatif. Kos ɗin kuma, wato ƙarfen bakin waya da ke damƙe kan batir, ya yi wa kan yawa, sai ya cusa ƙusa a tsakani ya buga da guduma. Mota tana tashi, amma wani lokaci sai ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, kuma ina jin warin ƙonar roba. Yanzu mai shagon ya ce in ƙara kuɗi ya ba ni babba irin na Hilux. Da motar nake kai yara makaranta, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada hankalinka ya kwanta, don abin da hancinka ke ji gaskiya ne. Kada ka sake ɗaukar yara a motar sai an cire wannan ƙarin waya. Kafin nan, in za ta kwana, ka kwance baƙar waya daga kan batir ka kawar da ita gefe.

An sayar maka da batir ɗin da ba na motarka ba ne. Mai shago ya duba adadin amper kawai, alhali abu huɗu ake dubawa, kuma duk suna rubuce a jikin tsohon. Batir ɗin motocin Japan yana ɗauke da lamba irin 46B24L ko 55D23R. Lambar farko darajar ƙarfinsa ce. Harafin tsakiya faɗi da tsayin akwatin ne. Lamba ta biyu tsawonsa ne a santimita. Harafin ƙarshe, wanda kowa ke tsallakewa, shi ne ya ja maka wannan wahala. Ka ajiye batir a gabanka, kawunan suna ɓangaren da ke kusa da kai: in kan ragi (−) yana hagu, L ne, in yana dama, R ne. Tsofaffin sunayen da ƴan kasuwa suka fi riƙewa, NS60 da NS70 da N70, su ne 46B24 da 65D26 da 65D31, kuma su ma kowanne yana da na hagu da na dama.

Sai kaurin kai. Ƙananan batura masu harafin B yawanci siraran kawuna gare su, na ƙari (+) kusan milimita 14.7, na ragi 13. Manyan kawuna kuwa kusan 19.5 da 17.9 ne. In ka ga an ƙara S a ƙarshen lamba, kamar 46B24LS, ƙaramin akwati ne mai manyan kawuna. Da alama shi motarka ke so, aka ba ka mai sirara. Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai, waɗanda suka cika titunanmu, da yawa suna ɗaukar gajeren batir mai nutsattsun kawuna wanda ake damƙewa ta gindi, ba ta sama ba. Shi ya sa nake cewa mutum ya tafi shago da tsohon batir ɗinsa a hannu, ko aƙalla hotonsa ta sama da ta gefe.

Babban na Hilux ba zai gyara komai ba. Bolt 12 ne shi ma, ba zai ƙona wutar motarka don girmansa ba, amma ba zai zauna a mazauninsa ba, ƙarfen damƙewa ba zai kama shi ba, kuma in ya yi tsayi kawunansa za su kusanci kapo, wato murfin inji. Mai shagon yana so ya rufe kuskure da ƙarin ciniki ne.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai na ji wani ya ce, "Ai wutar mota ba ta jan mutum, bolt 12 ce kawai." Daga wannan magana duk ɓarnar take fitowa. Tunda ya taɓa kan batir da hannu bai ji komai ba, sai ya ɗauka kowace waya ta isa, kowane haɗi ya yi, in dai mota ta tashi an gama aiki. Wallahi wannan tunani ya ci motoci fiye da yadda masu su suka sani, don in mota ta ƙone sai a ce tsautsayi ne, ko a ce isansi ne mara kyau, ba wanda ke komawa ya duba igiyar da aka murɗe da hannu.

Gaskiya ne bolt 12 ba ta jan busasshiyar fata. Amma ba bolt ke kunna wuta ba, yawan wutar da ke gudana ne, wato amper. Lokacin da ka murɗa makulli, dimarar, wadda ƴan Kano ke kira kik, tana jan amper 100 zuwa 200 a ƙaramar mota mai isansi, mai gazuwal kuwa ta wuce haka nesa. Wayar gida mai kaurin murabba'in milimita 2.5, wadda ake ja wa soket, an yi ta ne don abin da ke kusa da amper 20. Igiyar dimarar ta asali kuwa tana tsakanin murabba'in milimita 16 da 35, ta manyan motoci ma ta fi haka. Wanda ya ƙara guntun wayar gida a nan kamar wanda ya cire indararo ne ya sa kara a madadinsa, ya ce ruwan Agusta na saman soro duka ya bi ta ciki.

Ga lissafin, don kada a ce ra'ayina ne. A ce haɗin da aka murɗe yana da turjiya, wato yadda yake tare wuta, ta om 0.01 kacal, abin da ƙaramar mitar awon wuta ma ba za ta nuna maka ba. In amper 150 suka bi ta wurin, bolt 1.5 sun ɓace kafin su isa dimarar, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji. Kuma ba ɓacewa suka yi a iska ba, sun zama zafi na wat 225 a wuri guda da bai wuce kan yatsa ba, a ƙarƙashin salatif. Duk tashin mota sai wurin ya gasu, jan ƙarfen ya yi baƙi, turjiyar ta ƙaru, zafin ya ƙaru. Warin robar da kake ji salatif ne da bawon waya ke narkewa.

Abin da yaran gareji da yawa ba a gaya musu ba shi ne, a yawancin motocin da muke hawa, babbar jar igiyar da ta tashi daga batir zuwa dimarar ba ta da fiyus. Fitila na da shi, rediyo na da shi, ita babu. Kuma tana ɗauke da wuta dare da rana, ko makulli na aljihunka. Ranar da salatif ya zame, tsiraicin wayar ya taɓa ƙarfen jikin mota, babu abin da zai yanke. Batir zai zuba ɗaruruwan amper a take, igiyar ta yi ja, robar ta kama, ga tiyon isansi a kusa. Cire makulli ba zai kashe ta ba. Na ga kile, wato sifana, da ya faɗa tsakanin kan ƙari da jikin mota ya manne kamar an yi masa walda. Zoben azurfa a yatsa ma haka yake yi, ya gasa naman har ƙashi. Wannan ita ce wutar da ake cewa ba ta komai.

Ƙusar kuma laifinta uku ne. Kos an yi shi ne ya rungumi kan batir ta ko'ina. Da ƙusa a ciki sai ya taɓa a wuri biyu kawai, duk wutar ta matse ta nan. Ƙarfen ƙusa yana tsatsa da tururin asid cikin ɗan lokaci. Guduma kuma tana fasa mahaɗin da ke tsakanin dalmar kai da robar murfi, asid ya riƙa tsattsafowa, shi ne farin gari mai kore-kore da ke tsirowa ya bi cikin igiya ya cinye ta ta ƙarƙashin bawo inda ido ba ya gani. Ga kuma tartsatsi. Batir yana fitar da iskar haidurojin in yana caji, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu da muke wuce digiri 40, kuma sako-sakon kai yana tartsatsi daidai bakin inda iskar ke fita. Batir na fashewa, ya watsa wa mutum asid a ido. Masu ɗaukar dutse su buga kan batir duk safiya, da masu kanga waya tsakanin kawuna biyu su ga ko "akwai wuta", su ji da kyau.

Ban ga laifin yaron sosai ba, abin da ya ga ana yi ya yi. Laifin na iyayen gidansu ne da suka bar yaro ya shekara biyar a gareji ba su taɓa ɗora masa mita a hannu ba. Malam mai gareji, mutum ya kawo maka motar da yake ɗaukar iyalinsa, amana ya ba ka. In ba ka da kayan da suka dace, ka ce babu, ya je ya nemo. Wannan bai rage maka daraja ba.

Abin yi yanzu: ka mayar da batir ɗin a canza maka mai lambar da ta yi daidai da tsohon, har harafin ƙarshe. Kafin ka karɓa a ɗora masa mita a gabanka. Cikakke yana nuna bolt 12.6, in ya gaza 12.4 ya daɗe a ajiye cikin zafin shago, ka ce a ba ka wani. Ka karɓi takardar garanti da kwanan wata. In mai shago ya ƙi karɓa saboda an bugi kan, to dole ka zauna da shi, amma da gyara na gaskiya: a canza jar igiyar gaba ɗayanta da doguwa mai kaurin ta asali, ba ƙari a tsakiya ba, a matse kos a bakinta da abin matsewa, a bi da ita nesa da bututun hayaƙi da duk wani ƙarfe mai kaifi, a ɗaure. Akwai zoben dalma da aka yi musamman don sirarin kai ya cika babban kos, ko a sayi ƙaramin kos daidai da shi. Amma in ka ga tsagewa ko damshi a gindin kan, batir ɗin ya tashi aiki.

Wajen sayen igiya ka kankare bakinta da wuƙa. Akwai mai kaurin roba da ɗan siririn ƙarfe a ciki, akwai kuma alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a waje. In ka ga fari a ciki kuma ba ta da nauyi, ka ajiye. Kada a manta da baƙar waya, wato mas. Wutar da ta tafi ta ja, ta nan take dawowa, don haka kaurinsu ɗaya ne. A kwance inda ta kama jikin mota da inda ta kama inji, a goge har ƙarfe ya yi haske. Da yawa daga cikin motocin da ake zargin batir ɗinsu, mas ne ya yi tsatsa.

Wajen cirewa baƙa ake fara kwancewa, wajen ɗaurawa ita ce ƙarshe, don in kile ya taɓa jikin mota kana kan ja, ba abin da zai faru matuƙar baƙar na kwance. Farin garin nan ruwan kanwa na wanke shi, amma a tabbata murafen batir ɗin na rufe, kada ɗigo ya shiga ciki. A shanya, a ɗaure da kile mai lamba 10 har kos ya ƙi juyawa da hannu, sannan a shafa basilin a kai. A mayar da jar hular roba. A damƙe batir a mazauninsa da ƙarfensa, ba da igiyar roba ba, don girgizar hanyar Tanut ko ta ƙauyukan Magarya tana zubar da farantan cikin batir ta kuma sassauta kawuna.

In an gama, a tada mota a auna: tsakanin bolt 13.8 da 14.5 ya kamata ka gani. In ya haura 15, altanato, wato na'urar da ke cajin batir, na dafa shi, wataƙila ma shi ya kashe tsohon. Da mita ake wannan gwaji. Duk wanda ya ce zai cire kan batir mota na aiki don ya ga ko tana caji, ka riƙe hannunsa, don wutar kan yi tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar motar. Daga nan ka kashe, ka sake tadawa sau biyu, ka taɓa kowane kos da kowane bakin igiya da bayan yatsa. Wanda ka ji ya yi ɗumi, a sake kwance shi.