Tambayi Likita: Dajin ciki, jar kanwa da sakamakon HER2

Tambaya: Likita, ana ɗaukar ciwon dajin ciki wurin jinyar mai shi? Daga wata baiwar Allah a Katsina.

Amsa: A'a, Hajiya, ki ci gaba da jinyarki. Abin da ke yawo tsakanin 'yan gida shi ne ƙwayar H. pylori, mai jawo gyambon ciki, ita kuma ana gwada ta, ana kashe ta da magani.

Tambaya: An yanki ɗan naman cikin mahaifinmu an auna, takarda ta ce akwai HER2. Kawunmu ya ce jifa ne, mu dawo da shi gida a ba shi jar kanwa da saiwoyi. Mene ne HER2? Daga wani ɗan'uwa a Funtuwa.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kada ku cire shi daga asibiti.

Kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana da makarɓar saƙo iri-iri a jikinta ta waje, kamar eriyar rediyo. HER2 ɗaya ce daga cikinsu, kuma mai lafiya ma yana da ita. Aikinta isar da umarnin girma da rabuwa. Matsalar takan zo ne idan ƙwayoyin bangon ciki suka ƙera ta fiye da kima, sai umarnin ya ƙi tsayawa, su yi ta hayayyafa har ƙari ya fito. Kusan ɗaya cikin biyar na masu dajin ciki haka nasu yake.

Wannan sakamakon jagora ne ga likitocinsa. Akwai allurar trastuzumab da ke manne wa makarɓar ta toshe ta, kuma wani bincike mai suna ToGA na 2010 ya nuna haɗa ta da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, na ƙara wa masu irin wannan ciwon kwana. Tana da tsada, kuma sai an riƙa duba zuciyar mara lafiya, saboda haka ku zauna da likitansa ku tattauna.

Batun kanwa kuwa, abin ya ishe ni! Ciki mai ƙari, watakila yana tsiyayar jini, a ɗura masa kanwa? Za ta kwantar da zafi na ɗan lokaci, ta wahalar da ƙoda, ciwon kuma yana ci gaba da cin jiki. A yi addu'a, a girmama Kawu, amma Baba ya zauna a asibiti.

Tambaya: Na daɗe ina sayen omeprazole, maganin gyambon ciki, a kemis, yanzu ina rama, loma kaɗan na ƙoshi. Daga Maraɗi.

Amsa: Malam, wannan ya wuce kemis. Ka je asibiti a leƙa cikinka da na'ura cikin makon nan. Idan ka ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, kada ka jira gari ya waye.